Giya Ta Ƙi Shiga: Ina Ciwon Ya Ke?

Jama'a, kowa ya san Jega mahaɗar hanyoyi ce. Daga nan hanya ta nufi Birnin Kebbi, wata ta nufi Sakkwato, wata kuma ta bi ta Maiyama da Koko har Yawuri. Albasar Aliero ta nan ta ke bi zuwa kudu. Manomi ya sha wahala wata da watanni, sa'an nan ya danƙa amfaninsa a hannun direba. In mota ta kwana uku a bakin hanya, albasa ta soma ruɓa cikin buhu, hasara ta hau kan mutum biyu.

Cikin cututtukan da kan tsai da mota har da ƙin shigar giya. Sau da yawa da direba ya kai ƙara gareji sai a ce masa, "A sauke giyabos." Sauke giyabos kuwa aiki ne mai cin kuɗi da kwanaki. Ga shi kuma wani lokaci ciwon ba a cikinsa ya ke ba. Ku dubi masu ɗori na Aliero. Ba su ɗaure ƙafa sai sun lalluba sun san inda karaya ta ke. Haka ya kamata a yi wa mota.

Wannan darasi a kan motar da a ke sa wa giya da hannu ne, mai abin takawa uku. Ko kanta ce, ko a-kori-kura, ko Peugeot irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ko motar tsere irin waɗanda aka sha gani a bikin kamun kifi na Argungu, duk hanyar binciken ɗaya ce.

Abubuwa uku

In direba zai canja giya, abubuwa uku ke aiki tare.

Na fari kuloci. Ku tuna da dutsen niƙa da ɗansa. In an danna ɗan dutsen ya kama, in an ɗaga ya saki. Kuloci faifai ne da ke manne da inji. In an taka shi, faifan ya saki, ƙarfin inji ya daina shiga giyabos. In an ɗaga ƙafa, ya sake kamawa.

Na biyu sandar giya, da ƙarafa ko wayoyin da suka haɗa ta da giyabos. Su ne 'yan aike. Abin da hannun direba ya faɗa, su ke kai wa ciki.

Na uku giyabos kansa. Akwati ne mai ƙafafun ƙarfe masu haƙora, manya da ƙanana, suna wanka cikin mai. Giya ta ɗaya ƙarfi gare ta, ba gudu. Ta ƙarshe gudu gare ta, ba ƙarfi. A jikin giyoyin gaba akwai wani zobe, galibi na tagulla. Aikinsa shi ne ya daidaita gudun ƙarfe biyu kafin haƙoransu su haɗu, don kada su yi karo. Kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa wannan dabara a motocinsa a 1928. A 1952 kamfanin Porsche na Jamus, mai ƙera motocin gudu, ya fito da nasa irin zoben. Kafin wannan dabara, sai direba ya taka kuloci sau biyu a kowane canji. Motoci da yawa ba su da zoben a ribas. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

To, in giya ta ƙi shiga, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya gaza. A fara da mai araha, a ƙare da mai tsada.

Gwaji na ɗaya: a kashe inji

A tsai da mota a wuri mai daidai. A ja birkin hannu, a tokare ƙafafunta da dutse ko gungume. A kashe inji, a taka kuloci, a sa giya ɗaya bayan ɗaya har ribas. In wata ta cije, a ɗan girgiza motar a sake gwadawa, gama wani lokaci haƙora ne suka yi gaba da gaba.

In duk sun shiga lafiya da inji a kashe, amma suka ƙi da inji a kunne, to a fara zargin kuloci. Bai saki sosai ba. In kuwa sun ƙi ko da inji a kashe, a bar kuloci tukuna, a dubi sanda da 'yan aikenta.

Gwaji na biyu: a tambayi ribas

A ta da inji. A taka kuloci har ƙasa, a ƙirga ɗaya zuwa biyar, sa'an nan a tura sanda ribas a hankali. In ta shiga shiru, kuloci na saki. In aka ji ƙara kamar ana goga zarto, kuloci na jan giyabos ko da an taka shi. Ribas ba ta da zoben da zai rufa asiri, shi ya sa ta kan faɗi gaskiya.

Me ke hana kuloci saki? A fara duban ƙasan abin takawa. Wani lokaci tabarmar roba ce ta naɗe a wurin, ta hana shi kaiwa ƙasa. Wannan gyaran ba ya cin ko kwabo.

In kulocin mai aiki da mai ne, a buɗe ɗan kofinsa a gani ko man ya ragu. A yawancin motoci man birki a ke zuba masa. A duba ko yana yoyo kusa da ƙafar direba, ko a gefen giyabos. Sa'an nan a taka kuloci sau huɗu da sauri, a sa giya. In ta shiga bayan haka, iska ta shiga bututun, ko robobin ciki sun gaji. Bakanike zai fid da iskar ko ya sake robobin, ba tare da ya taɓa giyabos ba.

In kulocin mai waya ne, wayar ta kan miƙe da tsufa. A kan ɗaure ta, ko a sake wata. Sai an ga duk waɗannan lafiya su ke, sa'an nan a yi zancen faifan kansa.

Gwaji na uku: giya nawa suka ƙi?

Wannan tambaya ita ce uwar bincike. In duk giyoyin suna wahala, ciwon na gaba ɗaya ne, watau kuloci, ko mai, ko sanda.

A kama sandar a kaɗa ta. In tana yawo kamar muciya cikin tukunyar da ba tuwo, robobin gindinta sun cinye. Hannu ya aika saƙo, amma rabinsa ya ɓace a hanya. Robobin nan ƙanana ne, a waje su ke, kuɗinsu kaɗan.

In biyu ne suka ƙi, kamar ta ɗaya da ta biyu, ko ta uku da ta huɗu, a sani galibi ƙarfe ɗaya ke tura kowane biyun nan. Ko dai saitin waya ko na ƙarfen waje ya goce, ko kuwa mai turawa na ciki ya lanƙwashe. A duba na waje tukuna.

In guda ɗaya ce kawai ke ƙara, sauran lafiya, to zoben tagullarta ya cinye. Ta biyu ta fi yawan yin haka, domin ita ta fi shan wahala. Ga yadda za a tabbatar. A taka kuloci a fid da giya, a ɗaga ƙafa, a sake takawa, sa'an nan a sa. In za a sauko daga babbar giya zuwa ƙarama, a ɗan taɓa totur a tsakani. In ƙarar ta ɓace, zoben ne. Da wannan dabara ta tsofaffin direbobi a kan lallaɓa mota har a kai kaya kasuwa. Amma gyaran na ciki ne, a nan kam sai an sauke giyabos.

Gwaji na huɗu: a dubi mai

Da sanyin safiya a hunturu mai ya kan yi kauri, giya ta yi nauyi. In ta saki bayan an ɗan yi tafiya, ba abin tsoro ba ne. In kuwa kullum haka ta ke, ko ta fi tsanani in mota ta yi zafi, a dubi man.

A galibin motoci akwai noti biyu a jikin giyabos, na zubawa a gefe, na tsiyayewa a ƙasa. A fara kwance na gefe. Wanda ya tsiyaye mai sa'an nan na zubawa ya ƙi kwantuwa, ya shiga uku. In mota na tsaye daidai, mai ya kamata ya zo bakin ramin.

A ɗiba kaɗan a duba a rana. In yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya da yawa, zobba na cinyewa. In akwai gutsattsarin ƙarfe, haƙora ne ko boris. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Wannan ya kan faru da damina, in an ratsa ruwa mai zurfi a hanyoyin fadama. A sake shi nan da nan.

Kada a zuba kowane mai. A karanta jikin galan. Za a ga lamba kamar 80W-90, da GL-4 ko GL-5. Littafin motar ya faɗi wanda ya dace da ita. Wani man bai jitu da zoben tagulla ba.

Giya mai fita da kanta

Wata giyar ta kan shiga, amma ana cikin tafiya ta tsalle ta fita. A dubi robobin da inji da giyabos ke zaune a kansu. In sun yage, inji na girgiza yana fizgar sanda. In lafiya su ke, haƙoran ciki ne suka side. Waɗansu su kan danne sandar da hannu, ko su ɗaure ta da roba. Wannan ganganci ne. In ta fita a gangara da cikakken lodi, inji ba ya riƙe mota, nauyi duka ya koma kan birki, ga rayukan mutane a baya.

Akwai kuma cutar da a kan ɗora wa giya alhali ba tata ba ce. Giya ta shiga, an taka totur, inji na kuka, mota ba ta ƙara gudu, ga warin ƙuna. Faifan kuloci ne ya cinye yana zamewa. Yawan lodi shi ke gaggauta wannan.

Rigakafi

Kada ka bar hannu a kan sandar giya kana tafiya. Kada ka jingina ƙafa a kan kuloci. Ka tsaya cik kafin ka sa ribas. Kada ka fid da giya a gangara don tattalin mai. In giya ta ƙi, kada ka tura ta da ƙarfi. Kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ka duba mai da kuloci tun kafin lokacin kwasar albasa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

In za ka gareji, rubuta abin da ka gani a takarda. Wanda ya ce, "Maigida, giya ta lalace," ya ba da wuƙa da nama. Amma wanda ya ce, "Maigida, da inji a kashe duk suna shiga, da inji a kunne ribas na ƙara, man kuloci kuma ya ragu," ya nuna wa bakanike inda zai fara. Bakanike na kirki zai ji daɗin haka. In an sake wani abu, ka roƙi a nuna maka tsohon.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ke aiki in za a canja giya?
2. Giya na shiga da inji a kashe, ta ƙi da inji a kunne. Me za a fara zargi?
3. Don me a ke gwada kuloci da ribas?
4. Man giya ya yi fari-fari. Me ya faru?
5. Rubuta abubuwa uku da direba zai kiyaye don giyarsa ta daɗe.