Takardar fili ba ta cinye gonar maƙwabci

Tun farkon damina wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp tsakanin 'yan uwa da abokan arziki, daga Kafanchan har Kagoro da Zonkwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai ambaci ko sashe ɗaya na doka ba, amma har an fara faɗa a kan iyakar gonaki saboda shi.

Biyu daga cikin maganganunsa ba sa buƙatar dogon bayani. Wai 'yan sanda na iya yanke iyaka: ba aikinsu ba ne, nasu shi ne hana faɗa. Wai wanda aka ba aron gona ya shekara goma yana nomawa ta zama tasa: aro aro ne, a al'ada da kuma a shari'ar Musulunci.

Wadda ke ɓarna ita ce ta uku. Cewa ya yi duk wanda ya riga karɓo takardar mallaka daga hukumar filaye ta jiha, wato KADGIS, to duk inda awonsa ya kai nasa ne, maƙwabcin da ba shi da takarda kuwa ba shi da bakin magana. Daga nan ya ba da shawarar a matsa iyaka kafin safiyo ya zo.

Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, ita ce ma ta sa ƙaryar ta shiga. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma takarda hujja ce mai ƙarfi a kotu. Ban ga laifin dattijon da ya gaji gonar citta daga kakansa, ba shi da ko fallen takarda, ya ji wannan hankalinsa ya tashi ba. Wanda ya tsorata shi da gangan, shi ne abin zargi.

Amma wannan dokar dai ta amince da haƙƙin waɗanda ke riƙe da filayensu tun kafin 1978, ko da takarda ko babu. A 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar mallaka ba ta ba mutum filin da tun asali ba nasa ba ne. Mai haƙƙin da ya riga shi na iya sa a rushe ta. Tun 1976 kuma, a shari'ar Idundun da Okumagba, kotun ta bayyana hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili. Takarda ɗaya ce kawai a cikinsu. Tarihin gado daga bakin waɗanda suka sani hanya ce, daɗewa ana noma da gini a wurin ma hanya ce. Ke nan shaidar dattawa, da layin aduruku ko gamba da iyaye suka dasa, abubuwa ne da alƙali ke saurare. Yadda zai auna su a kowace shari'a, wannan sai a gabansa.

Wanda ya tumɓuke turken awo da dare kuwa ya aikata laifi, ya kuma ɓata shaidar da watakila ita za ta cece shi gobe. A yankin da rikicin Zangon Kataf na 1992 ya taso daga gardamar inda za a mayar da kasuwa, bai kamata mu yi wasa da maganar ƙasa ba.

In kun saɓa da maƙwabci, kada kowa ya taɓa alama. Ku kira mai unguwa ko dagaci da dattawan ɓangarorin biyu, a taka iyakar da rana kowa na gani, a rubuta abin da aka yarda, a sa hannu. Safiyo mai rajista ya yi awo a gabanku duka. In sulhu ya ƙi, akwai kotun gargajiya, da ta shari'a, da Babbar Kotu a Kafanchan. In kuma saƙon ya iso wayarka, don Allah kada ka tura wa kowa.