Jinyar Iyaye Haƙƙi Ce, A Rubuta Ta

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta san da haihuwa, amma ba ta san da jinyar iyaye ba. Ta ba mace hutun mako 12, ta ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana. Jihar Kaduna ta kai hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2019, gwamnatin tarayya kuma ta amince wa ma'aikatanta maza kwana 14 a 2021. Duk madalla. Sai dai ma'aikacin da ke da yara a firamare, sau da yawa shi ne mahaifinsa ke fama da hawan jini ko ciwon suga, kuma dokar ba ta ware masa ko wuni guda na kai tsohon nasa asibiti ba.

Wanda ya san asibitocinmu ya san ba a kwantar da mara lafiya a tafi. Ɗan jinya ne ke bin layin kati, ya sayo magani a waje, ya karɓo sakamakon gwaji, ya nemo mai ba da jini, ya juya wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Mai wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku ake kai shi a mako, kowane zama kusan sa'a huɗu, ga yara na jiran a ɗauko su daga boko a kai su Islamiyya. Abin da ma'aikaci ke yi a yanzu shi ne ya rusuna gaban oga da "ranka ya daɗe, a taimaka", amsar kuma ta danganta da yadda ogan ya tashi da kuma wanda ya tsaya maka. Marar gata sai ya ce shi ne ba lafiya, ko ya sa hannu a rajista ya sulale. Ashe ma'aikata tana asarar wannan lokaci tun tuni, ba ta dai san ranar da za ta yi asarar ba.

Maganin shi ne a fitar da jinya daga babin alfarma, a rubuta ta cikin ƙa'idar aiki. Japan ta ba ma'aikaci kwana 93 kan kowane ɗan'uwa mai buƙatar kulawa, yana iya raba su gida uku. Birtaniya ta fara ba da mako guda ba albashi a Afrilun 2024. Ba sai an kai nan ba. 'Yan kwanaki a shekara da za a iya yanka su rabin wuni-rabin wuni sun fi dogon hutu amfani, domin ranar ganin likita safiya ce kawai. A bar masu aikin karɓa-karɓa su yi musaya a tsakaninsu. Sai batun kuɗi: inshorar lafiya ta ma'aikata kan tsaya ne a kan ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, iyayen da suka fi kowa shan magani suna waje. Kamfani na iya shigar da su a riƙa cire kaɗan daga albashi, ko ya ba da rance marar ruwa ranar da aka ce tiyata.

Za a ce mutane za su fake da wannan su yi ha'inci. Wasu za su gwada, amma katin asibiti ya fi sauƙin tantancewa a kan zazzaɓin ƙarya da ake karɓa yanzu ba tambaya. Za a ce ai akwai dangi. Akwai, sai dai sun watsu, wani a Abuja, wani a Legas, nauyin kuma kan faɗa wa 'ya mace ko matar ɗa, wadda ita ma malamar makaranta ce ko nas. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta ƙananan masana'antu: mai gidan burodi da ma'aikata biyar ba zai iya biyan hutu mai tsawo ba. Gaskiya ne, shi nasa ya tsaya kan musayar lokaci da hutun da ba biya. Bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatun gwamnati ba su da wannan uzuri.