Wane Littafi Za Ka Karanta Yanzu?

Ɗan'uwa, ka iya karatu yanzu. Amma in ka aje shi har damina ta wuce, zai gudu ya bar ka. Nemi littafi mai daɗi ka riƙe.

Fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na shekarar 1934. Alhaji Imam ne ke yawon duniya, har ƙasar aljannu, yana neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Malam Zurƙe kuwa zai sa ka dariya.

Sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969. Wani yaro ne, Kilba, aka kai shi yawo sararin samaniya. Wannan ya ɗan fi wuya.

A Nijeriya aka buga su, shi ya sa za ka ga 'y inda mu muke rubuta ƴ. Duk sauti ɗaya ne.