Wasan kwaikwayon da mutanen gari ke tsarawa da kansu: yadda ake yi a Zariya

'Yan uwa na Sabo, Agege, Shasha da sauran zangunanmu. Daga nan Bauchi nake rubuto muku. Yawancinmu idan aka ce wasan kwaikwayo, fim muke tunawa, ko tashe da azumi. To akwai wani irin da 'yan kallo ne ke kawo labarin, su ne kuma ke yanke yadda zai ƙare.

Abin ya samo tushe a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Michael Etherton, wani Bature da ya taɓa koyarwa a Zambiya, ya fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975. Ɗakin wasan nasu ma ginin ƙasa ne irin na Hausa. A 1977 malamai da ɗalibai suka fita zuwa Soba da abin da suka kira Wasan Manoma, lokacin da gwamnatin Obasanjo ke yayata shirinta na ciyar da ƙasa. Daga baya aka yi a Maska da Bomo. Salihu Bappa da Oga Steve Abah suna cikin waɗanda suka riƙe aikin.

Ga yadda ake yi. Da farko a gaida mai gari, a nemi izini. Sannan ɗalibai su zauna a garin kwanaki, su bi mutane gona, bakin rijiya da majalisa, suna sauraro. Ba takarda suke rabawa ba, hira ce. 'Yan mata ɗalibai su shiga gidaje, don akwai maganar da ba a jin ta a zaure. Da dare a taru a baje abin da aka ji: taki bai iso ba, an karɓe gona, bashi ya yi yawa. Sai a zaɓi guda a tambaya: wa ke cin riba in abin ya ci gaba haka?

Daga nan ake ƙulla wasan, ba rubutu, da baki kawai, da kiɗa da waƙar garin. A yi shi a fili. Inda rikici ya kai maƙura sai a tsaya, a juyo ga jama'a: "To, in kai ne, ya za ka yi?" Wanda ya ce ya san mafita, sai a ce bisimilla, shigo ka gwada. Wanda ke fitowa a matsayin dillali ko jami'i ba zai sassauta masa ba. Nan take kowa zai ga ko shawarar za ta yi aiki ko baki ne kawai.

A farkon lamarin ɗalibai ne ke yin wasan su kawo wa manoma. Aka lura cewa hakan wa'azi ne kawai da wata riga, shi ya sa a Bomo manoman suka shiga tsara wasan da fitowa a ciki.

Amma fa wasa ba ya kawo taki. Ɗalibai na komawa makaranta, mutanen gari ne ke zama da wanda aka taɓa. In ba ƙungiyar da za ta bi maganar, ta mutu a filin.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, na san irin maganganun da ake haɗiyewa a kara: kuɗin la'ada, harajin hanya, saɓani da 'yan gari. Yaro ba zai faɗa wa sarkin zango waɗannan ido da ido ba, amma a bakin wasa suna fita ba tare da an kama sunan kowa ba. Ƙungiyar matasa da ke son gwadawa ta fara da izinin manya, ta gayyaci maƙwabta 'yan gari su shigo ciki, ta kuma tsayar da waɗanda za su kai maganar gaba washegari.

Allah ya zaunar da mu lafiya.