Ƙiba ce ke rage bitamin D a jikin mata, in ji masana

Masu karatu, musamman 'yan uwanmu masu sayar da magunguna a kasuwannin kan iyaka kamar Birnin Konni da Illela da Jibiya, ga wani batu da ya shafi kayanku da lafiyar matan da ke saye a wurinku. Likitoci sun daɗe suna lura cewa mata masu ƙiba kan samu ƙarancin bitamin D a jininsu. Daga nan ne wasu suka ɗauka cewa rashin bitamin ɗin ke kawo ƙiba, don haka shan ƙwayarsa zai sa mace ta rame.

A shekarar 2013 wasu masana a ƙarƙashin Elina Hyppönen ta Jami'ar UCL da ke Landan suka bincika ƙwayoyin halittar gado na mutum sama da 42,000, maza da mata, akasarinsu Turawa. Dabararsu mai sauƙi ce: abin da aka haifi mutum da shi, cima ko zaman gida ba su canza shi. Sai suka ga waɗanda suka gaji halin ƙiba suna da ƙarancin bitamin D, amma waɗanda suka gaji ƙarancin bitamin D ba su fi sauran mutane ƙiba ba. Ashe ƙibar ce a gaba.

Dalili kuwa shi ne, wannan bitamin a cikin mai yake narkewa. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, hanta da ƙoda su sarrafa shi, amma kitse kan riƙe wani kaso, ya hana shi shiga jini.

Mun san wani zai ce ai rana ba ta yi mana kaɗan a Sahel ba. Gaskiya ne, sai dai wani nazari na 2020 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Afirka na da wannan ƙaranci, kuma ya fi yawa ga mata da mazauna birane. Matar da ke wuni a ɗaki ko cikin rumfa, ranar tana wuce ta ne kawai.

Shawararmu: kada a sayar wa mace ƙwayar bitamin D da sunan maganin rage ƙiba. Amfaninsa na ƙashi ne, kuma yawan shansa kan jawo tsakuwar ƙoda. Mai juna biyu ko mai shayarwa da ke fama da ciwon ƙashi ta je asibiti a duba ta, ta riƙa shan hantsi, ta kuma ci kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai.