Tabarma Ba Ta Ishi Talaka Ba: Raddi Ga Masu Ganin Katifa Kayan Alatu Ce

A zaman da ƙungiyar unguwarmu ta yi gab da shigowar hunturu, ana lissafin abin da za a saya wa gajiyayyu da ɗan kuɗin da aka tara, sai na kawo shawarar a ware wani abu a sayi katifu. Wani dattijo da nake ganin girmansa, wanda tun ina yaro yake ciyar da almajirai a ƙofar gidansa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, katifa kuma? Mai jin yunwa hatsi yake nema. Mu da ka gani a kan tabarma muka tashi, ga mu har yau da ranmu." Jama'a suka gyaɗa kai. Na ce, "Haka ne, Baba," na ja bakina, don ba a ja-in-ja da babba a bainar jama'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kuma ina ganin akwai gyara a ciki.

Inda Baba ya yi gaskiya shi ne ciki ke gaba. Wanda bai ci ba, ko a kan me ya kwanta barci ba zai zo ba. Ban ce a bar buhun gero a sayi soso ba.

Inda na saɓa da shi shi ne batun tabarmar da suka tashi a kai. A tuna yadda ɗakin da yake. Daɓen ƙasa ne, ginin ƙasa, rufin azara ko jinka, ɗakin da ke riƙe ɗumi da dare. Akwai gadon kara, akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa saboda mai jego da tsofaffi, akwai buzu, akwai katifar audugar rimi da ake ɗinkawa a kasuwa. Kakanninmu sun san sanyin ƙasa cuta ne, shi ya sa suka yi masa dabara. Talakan birni na yau kuwa a kan siminti yake kwana, a barandar shago ko rumfar tasha, da tabarmar roba ko kwali. Siminti zuƙe ɗumin jiki yake yi har gari ya waye, kuma bargon da aka lulluɓa da shi ta sama ba ya tare sanyin da ke hudowa ta ƙasa.

Na san wani ɗan dako a kasuwar Singa ta Kano, magidanci ne da ya baro iyali a ƙauye ya zo cin rani. Buhu mai kilo 50 yake ɗauka a ka tun safe har magariba. Da dare sai ya warware kwalin taliya guda biyu, ya shimfiɗa buhun da ba komai a cikinsa a kai, ya yi matashi da takalmansa. Na taɓa ganin tashinsa da asuba: sai da ya dafa bango, ya daɗe a sunkuye yana riƙe da ƙugu kafin ya miƙe. Kafin ya sha koko, ya riga ya tsaya wurin mai tallan magani ya sayi ƙwayar ciwon jiki. Kullum haka. Wannan mutum ba shi da jarin da ya wuce bayansa da wuyansa, kuma dare ne kaɗai lokacin da jikin ke gyara abin da rana ta ɓata. Likitoci sun ce baligi na buƙatar barcin awa 7 ko fiye. In aka tara abin da yake kashewa a ƙwayoyi cikin shekara, da ranakun da ciwon baya ke hana shi fita, ina da yaƙinin sun fi kuɗin ƙaramar katifa.

Wasu kan kafa hujja da zuhudun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya kwanta a kan tabarma har ta yi masa shaida a jiki, kamar yadda Sayyidina Umar ya gani ya yi kuka. Ruwaya ce ingantacciya. Amma Nana A'isha ma ta ruwaito cewa shimfiɗarsa ta fata ce da aka cusa wa zaren dabino, wato dai katifar zamaninsa. Sannan zuhudu abu ne da mutum ke zaɓar wa kansa yana da ikon samun wanda ya fi. Bai dace mu da ke kwana a kan katifa mai inci goma mu zaɓar wa maraya da tsohuwa shi ba.

A dubi Maiduguri. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, har aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a baya. Tukunya da kwano ana wankewa a ci gaba da amfani da su. Katifar da ta sha ruwan da ya gauraya da na masai kuwa ta tafi ke nan, soso ba ya sakin wannan ƙazanta. Iyalai da yawa sun koma ɗakuna masu danshi da jarirai da masu ciki da tsofaffi. A irin wannan hali shimfiɗa magani ce. Ko gidan sauron da ake rabawa ya fi tare sauro idan akwai katifar da za a cusa bakinsa a ƙarƙashinta. Majinyacin da ya daɗe kwance a kan abu mai tauri kuwa, gyambo ke fito masa a ƙugu da duwawu, kuma duk wanda ya yi jinyar tsoho ya san wahalar warkewarsa.

Mu kanmu al'adarmu ba ta ɗauki katifa a matsayin ƙawa ba. Wane uba ne zai kai 'yarsa ɗakin miji ba gado da katifa, komai talaucinsa? Ko auren gata da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoba na 2023 ta hannun Hukumar Hisbah, gado da katifa na cikin kayan da aka bai wa kowace amarya.

Akwai wani reshe na wannan ra'ayi da ya fi damuna, wato cewa in ma za a bayar, kowace iri ta isa, da babu gara ba daɗi. Da wannan ake kwashe tsohuwar katifar da yara suka gama yi wa fitsari, ta lotsa a tsakiya, kuɗin cizo ya yi gida a ɗinkinta, a kai gidan marayu a ce sadaka. A wurin da mutum ashirin ke kwana ɗaki ɗaya, katifa guda mai kuɗin cizo ko ƙazwa ta isa ta addabi kowa. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufar mummunan abu mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido.

Sabuwa mai arahar banza ma matsala ce. Ingancin soso a nauyinsa yake, ba a kaurinsa ko kyan yadin da aka rufe shi da shi ba. Mara nauyi cikin 'yan watanni yake zama kamar tabarma. Sinadaran da ake haɗa soso da su daga waje ake shigo da su, shi ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabi tun faɗuwar naira a 2023, masu algus kuma suka samu kasuwa. Araha ba ta ado. Gara ƙungiya ta sayi katifa 20 masu nauyi, masu tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON, irin ƙananan nan na 'yan makarantar kwana, a ɗinka musu rigar leda irin ta asibiti da za a riƙa gogewa, da ta sayi 50 da ba za su ga damina biyu ba. In aka haɗa kuɗi aka sara kai-tsaye daga kamfani ko babban dila, farashi na sauka sosai. Magidanta masu ƙaramin ƙarfi kuma ana iya yi musu adashi ko biya kaɗan-kaɗan, su mallaka da mutuncinsu.

An ce mini wasu za su sayar da katifar in aka ba su. Za a samu. Hatsin ma ana sayarwa, ba mu daina bayarwa ba. Katifar da aka kai tsangaya ko gidan gajiyayyu kuwa kayan wurin ce, wani ya tafi wani ya zo ya kwanta, ladan na gudana.

Baba, da sauran iyayenmu masu riƙe da asusun masallatai da ƙungiyoyi, da hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu, ina roƙonku: a ci gaba da sayen hatsi, amma kafin hunturun bana ya kankama a je da dare a ga inda waɗanda muke ciyarwa ke kwana, sannan a sa katifa a cikin lissafi.