Ƙofar da ƙwayar masassara ke bi ta shiga jini

Kowace shekara, in damana ta sauka, tabkuna suka cika, sai sauro ya yi yawa. Lokacin ne gidajen likita na Maraɗi da Damagaram da Tawa ke cika da mata goye da yara masu zafin jiki. Manomi yana tsakiyar noma, masassara ta kwantar da shi, ciyawa ta ci gona. Kowa ya san sauro ke kawo cutar. Amma ba kowa ya san abin da take yi cikin jiki ba.

In sauro ya ciji mutum, yakan zuba masa ƙwayar cutar. Sai ta wuce hanta, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, mutum bai ji komi ba. Sannan ta fito cikin jini. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ba a ganin su sai da madubin likita. Su ke kai iskar numfashi ko'ina cikin jiki. Ƙwayar masassara ba ta iya daɗewa a fili, dole ta kutsa cikin jar ƙwaya ta ɓuya. Can take ci, can take haihuwa. Bayan kwana 2 jar ƙwayar ta fashe, ƴaƴa wajen 20 su fito, kowane ya nemi sabon ɗaki. Wannan fashewa ce ke kawo sanyi da makyarkyata. Ita ce kuma ke ƙarar da jinin yaro har tafin hannunsa ya yi fari.

To, ta ina take shiga? Kowace jar ƙwaya tana lulluɓe da tantani, kamar na cikin ɓawon ƙwai. A jikin tantanin akwai wasu ƴan abubuwa kafe, masana na ce musu furotin. Furotin shi ne abin gina jiki da ke cikin nama da wake da nono, amma iri-iri ne, kowane da aikinsa. Ɗaya daga cikinsu sunansa basijin.

A shekara ta 2011, masu bincike na cibiyar Sanger a ƙasar Ingila suka gano cewa basijin ne ƙofar. Ita ƙwayar cutar tana da nata furotin, mai suna RH5, shi ne mabuɗinta. Da ma an san tana da mabuɗai da dama. In aka toshe mata nan, sai ta ɓullo ta can, kamar ɓera cikin rumbu. Amma wannan ƙofa dabam take. Da masanan suka rufe ta cikin jinin da suke gwaji da shi, duk irin ƙwayar da suka jarraba ta kasa shiga.

Ba masu yaƙi da masassara kaɗai ke sa ido kan basijin ba. A ciwon daji, kamar na hanta, yakan yi yawa bisa ƙwayoyin naman da suka lalace, har yana taimakon ciwon ya ci naman da ke kewaye da shi. An lura inda ya fi yawa, sau da dama ciwon ya fi tsanani. Shi ya sa ake nazarinsa don ya zama alama, yadda makiyayi ke duba ido da dasashin dabba ya gane halin da take ciki. A ƙasar Sin, tun 2005 aka amince da wani magani na ciwon dajin hanta, Licartin, wanda ke neman basijin ya manne masa.

Sai dai rufe ƙofar ba wasa ba ne. Basijin ba don cuta yake nan ba. Yana aiki a ido da sauran sassan jiki. Ɓerayen gwaji da aka haifa ba tare da shi ba, ganinsu ya lalace, ba su kuma haihuwa. Don haka masana da yawa suka ga gara a bar ƙofa, a karya mabuɗin.

Abin da Jami'ar Oksfod ta Ingila ta yi ke nan. Ta haɗa allurar rigakafi mai koya wa jiki ya gane RH5, ya kama shi tun bai kai bakin ƙofa ba. An gwada ta a Nanoro, ƙasar Burkina Faso, inda masassara ke zuwa da damana kamar a kudancin Nijar. Yara 361 aka ɗauka, ƴan wata 5 zuwa 17. Sakamakon ya fito a watan Disamba na 2024. Cikin yaran da aka jinkirta musu allura ta uku, masassara ta ragu da kashi 55 cikin 100 a tsawon wata 6. Ba ta kare su duka ba, amma ga allurar da ke yaƙi cikin jini, wannan babban ci gaba ne.

Allurar masassara da Nijar ta fara yi wa yara a 2024 ba ita ce wannan ba. Ita waccan tana tare ƙwayar ne tun ba ta zauna a hanta ba. Burin masana shi ne a haɗa biyun: wadda ta kuɓuce wa ta farko, ta biyu ta tsare ta a jini. Ta RH5 tana hannun masu gwaji tukuna, ba ta iso gidan likita ba. A bana ma, sange da magungunan da ake raba wa yara wata-wata da damana su ne a hannu.